Kwana huɗu da tsofaffin finafinan Amitabh Bachchan a sinima

Ɗalibin Delhi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na yi muku alƙawarin kawo labarin bikin da na halarta, ga shi kuwa na zo cikawa tun abin bai huce mini ba. Daga ranar Asabar 8 ga Oktoban 2022 zuwa Talata 11 ga wata, ranar da Amitabh Bachchan ya cika shekara 80 a duniya, gidauniyar Film Heritage Foundation da kamfanin gidajen sinima na PVR suka dawo da finafinansa 11 kan babban allo a birane 17 na Indiya. Sunan bikin "Bachchan: Back to the Beginning", wato komawa mafari, kuma duk finafinan da aka zaɓa sun fito ne tsakanin 1973 da 1982. Ni huɗu na samu damar gani saboda karatu: Deewaar, Don, Amar Akbar Anthony da Mili.

Da Deewaar na fara, kuma a kansa nake so in tsaya. Na sha kallon fim ɗin nan a waya, har ina ganin babu abin da ya rage mini a cikinsa, don haka na shiga zauren ne da nufin in ga yadda Indiyawa suke karrama gwaninsu, ba don in ga wani sabon abu ba. A kujerar da ke kusa da ni akwai wani dattijo mai furfura da ya zo da ɗansa da jikansa, ya sa yaron a tsakiya, ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar. Da Amitabh ya bayyana a karon farko sai zauren ya kaure da fito da tafi, mutanen da suka haura sittin suna ihu kamar 'yan makaranta. Da aka zo wurin da Vijay, wato Amitabh a fim ɗin, yake lissafa wa ƙanensa ɗan sanda gidaje da mota da kuɗin da ya tara, yana tambayarsa shi me ya mallaka, sai na ji ɗaruruwan bakuna sun riga Shashi Kapoor, wanda ya fito a matsayin ƙanen, ba da amsar, cewa shi uwa tana tare da shi. Dattijon nan bai yi ihu ba. Leɓɓansa kawai suke motsi, yana bin maganar tun daga farkonta har ƙarshe, hannunsa a kan kafaɗar jikan.

Abin da na fito da shi, wanda nake so mu tattauna, shi ne ashe ni ban taɓa kallon Deewaar ba sai ranar. Labarin na sani, amma mutumin da ya sa ƙasa guda ta tsaya cik lokacin da ya ji mummunan rauni wajen ɗaukar Coolie a 1982, wannan ban san shi ba sai da na gan shi a tsakiyar mutanensa. Ina ganin tauraro ba a cikin fim kaɗai yake ba, rabinsa yana wajen masu kallo.

Dattijon Fagge:
Wa alaikumus salam. Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka tuna mini da ƙuruciya. Abin da ka je Delhi ka gano, mu a nan Kano muka tashi a cikinsa. A zamaninmu akwai El Dorado da Plaza da Orion da Marhaba, kuma yawancin dararen mako fim ɗin Indiya ake nunawa, domin Kwarori masu gidajen sun daɗe da gane cewa shi ne yake cika musu kujeru. Yawancin gidajen ba su da rufi, saboda haka sai duhu ya yi ake farawa, kana kallo kana ganin taurari a sama, idan kuwa da damina ne kana kallo kana duba hadari. Mu ma mukan riga jarumi magana, alhali ba mu jin Indiyanci, mun dai haddace sautin ne saboda yawan maimaici. Mun raɗa musu sunaye namu na kanmu, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, kuma idan bos ya fito ana yi masa tofin Allah tsine kamar yana ji.

Ba zan manta wani dare a wani gidan ba, ana tsakiyar faɗa zaren fim ya tsinke, allo ya yi fari fat. Da mai haskawa ya haɗa sai ya tsallake wani yanki mai yawa, muka ga jarumin da aka ɗaure ya riga ya kuɓuta ba mu ga yadda aka yi ba. Mu da muka kalla sau uku muka tashi tsaye muka ce ba mu yarda ba, aka yi ta buga kujeru har sai da aka mayar baya.

Amma ina da ƙorafi a kan jerin da ka ambata. Na bincika, babu Sholay kuma babu Zanjeer. Ta yaya za a ce an koma mafari a bar Zanjeer na 1973, wanda shi ne ya fito da shi bayan ya yi ta faɗuwa tun daga fim ɗinsa na farko a 1969? Wannan kamar a yi hawan Sallah ne ba a ga sarki ba.

Matashin Kaduna:
Baba, da girmamawa nake magana, amma ni ban ga abin da zai sa mutum ya biya kuɗi ya zauna kusan awa uku a kan fim ɗin da ya girme shi ba. Duk finafinan nan suna intanet, wasu ma an fassara irinsu da Hausa, mutum yana kwance a ɗakinsa zai kalla, ya tsayar ya yi salla ya dawo, ya tsallake waƙar da ba ta yi masa ba. Na gwada kallon Don na 1978 bayan na ga wanda Shah Rukh Khan ya sake yi a 2006, gaskiya faɗan tsohon dariya ya riƙa ba ni, naushi bai taɓa mutum ba amma ƙararsa kamar an fasa ganga. Ina ganin abin da Yaya na Delhi ya ji ba daɗin fim ba ne, daɗin taro ne, kuma irinsa ake ji a gidan kallon ƙwallo. Waɗancan dattawan kuwa ƙuruciyarsu suke yi wa tafi, ba Amitabh ba.

Ɗalibin Delhi:
Ƙanena, rabin maganarka na karɓa. Tabbas akwai masu yi wa ƙuruciyarsu tafi, kuma a wajen Don abin ya fi kama da biki fiye da kallo, domin da aka zo waƙar nan ta Kishore Kumar a kan ganyen taunawa na Banaras mutane tashi suka yi suna rawa a tsakanin kujeru. Sai dai ba dattawa kaɗai ne a zauren ba, matasa sa'anninka sun yi yawa ƙwarai, kuma ba su da wata ƙuruciya ta 1978 da za su tuna.

Bari in ba ka misali ɗaya daga Deewaar. Akwai wurin da 'yan karɓar kuɗin dole suke neman Vijay a tashar jiragen ruwa saboda ya ƙi biya, suka dawo rumbun kaya suka tarar da shi zaune a kujera yana jiran su. Ya tashi a hankali, ya kulle ƙofa da kansa, ya jefa wa shugabansu mabuɗin. A waya abin da nake jira shi ne faɗan da zai biyo baya, kuma na yarda da kai cewa faɗan ya tsufa. A babban allo kuwa abin da ya kama ni shi ne abin da ya gabaci faɗan: yadda ya miƙe dogayen ƙafafunsa, yadda bai ɗaga murya ba, da yadda idonsa yake nuna gajiya fiye da fushi. Fuskar da a waya ba ta kai girman babban yatsa ba, a can ta kai tsayin gida, ko ƙyafta ido ya yi sai ka gani. Waɗanda suka ɗauki fim ɗin don wannan girman suka ɗauke shi. Sannan rashin ikon tsayarwa ko tsallakewa da kake gani kamar takura, shi ne ya sa na zauna da wuraren da nake tsallakewa a da, na gano cewa a cikinsu nauyin labarin yake.

Malamar Adabi:
Sallama ga kowa. Na karanta bayanan da suka gabata da sha'awa, amma ina so Baba na Fagge ya lura da cewa "mu" ɗin da yake faɗa maza ne kawai. Matar da take da mutunci a idon jama'a ba ta zuwa sinima a wancan zamani, ko namiji ma ana yi masa kallon ɗan iska idan ya cika zuwa. Mu a talabijin muka san Amitabh, daga baya kuma a kaset na bidiyo, a tsakar gida an shimfiɗa tabarmi, 'yan matan maƙwabta sun cika wuri, uwar gida tana tsintar shinkafa tana bayyana wa waɗanda suka makara abin da ya wuce. Wannan ma kallon taro ne, kuma ina ganin shi ne ya fi shiga cikin adabinmu, domin daga waɗannan tsakar gidajen ne marubutan littattafan soyayya da yawa suka fito.

Babban abin da nake so in ƙalubalanta shi ne tsarin bikin kansa. Idan aka tara finafinai a ƙarƙashin sunan jarumi ɗaya, ana koya wa mai kallo cewa shi ya yi komai. Amma fusataccen saurayin nan da ake yi wa fito, Salim Khan da Javed Akhtar ne suka rubuta shi, su suka rubuta Zanjeer da Deewaar da Sholay da Don, kuma amsar da Ɗalibi ya ce zaure ya haddace daga alƙalaminsu ta fito, ba ma Amitabh ne ya furta ta ba. Sannan zamanin ya taimaka. Deewaar ya fito a watan Janairun 1975, ana fama da tsadar rayuwa da rashin aikin yi da yajin aiki, kuma a watan Yunin wannan shekarar gwamnatin Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci. Talakan da ya ga ɗan dako ya ƙi sunkuyar da kai, kansa yake gani. Kaala Patthar na 1979, wanda yake cikin jerin, ya samo tushe ne daga bala'in mahaƙar kwal ta Chasnala a Disambar 1975, inda ruwa ya cinye ma'aikata fiye da 370. Ina kuma Nirupa Roy, wadda ta fito a matsayin uwa? Idan aka cire ta daga Deewaar babu abin da 'yan'uwan biyu za su yi jayayya a kansa. Yaushe za a yi mata nata bikin?

Dattijon Fagge:
Hajiya, kin yi gaskiya, kuma ban yi musu ba. Ni kaina sai na faki idon mahaifina nake zuwa, kuma ranar da ya gane na sha bulala. Tun lokacin da aka buɗe sinimar Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950 malamai suke adawa da sinima, kuma wannan kallon bai taɓa barin ta ba. Amma game da marubuta, zan ce miki mu ba mu san da su ba, kuma ba mu jin abin da suka rubuta. Duk da haka cikin jarumai da yawa da ake nuna mana shi muka ware. Idan alƙalami ne kaɗai, mu da alƙalamin bai iso gare mu ba me ya kama mu? Tsayuwarsa ce da muryarsa. Mutumin da gidan rediyon Indiya ya taɓa ƙin ɗauka aiki, muryar tasa ce ta zo ta zama abin da ake gane shi da ita ko an rufe ido.

Almajirin Zariya:
Gafarta dai, ina da ɗan tsokaci a kan wani abu da ke cikin Deewaar wanda na ga masu kallo a nan suna wucewa ba su lura ba. Lambar da ke jikin ƙarfen shaidar aikin Vijay ita ce 786, kuma wani dattijo Musulmi abokin aikinsa ya gaya masa cewa lamba ce mai albarka. Musulmin Indiya da Pakistan suna rubuta 786 a madadin Basmala, domin idan aka tara ƙimar haruffanta bisa lissafin abjadi na mutanen gabas, abin da ake samu ke nan. A lissafin Magaribawa, wanda shi malamanmu na zaure suka gada, harafin sinun 300 ne ba 60 ba, don haka jimillar takan zama 1026. Wannan ne ya sa lambar ba ta faɗa wa ɗan Kano abin da take faɗa wa ɗan Bombay nan take. Amitabh ya sake ɗaura wannan lambar a Coolie, inda ya fito a matsayin ɗan dako Musulmi mai suna Iqbal. Ban kawo wannan don in goyi bayan camfi ba, na kawo ne don in nuna cewa ko a fim ɗin da muke ganin mun haddace akwai abin da sai ɗan gida yake ji. Ina so Ɗalibi ya gaya mana ko zauren ya motsa a wannan wurin.

Ɗalibin Delhi:
Allah ya gafarta Malam, ya motsa ƙwarai, amma ba da ihu ba. A ƙarshen fim, lokacin da ƙarfen ya suɓuce daga hannun Vijay yana gudu, na ji zauren ya ja numfashi gaba ɗaya, domin kowa ya san abin da faɗuwarsa take nufi. Ni kuwa sai yanzu da ka yi bayani na fahimci dalilin da ya sa ban taɓa ɗaukar wurin da muhimmanci ba.

Mai Kyamara daga Jos:
Ina so in amsa ƙorafin Baba game da Sholay da Zanjeer ta fuskar sana'a. Kafin a nuna tsohon fim a sinima ta zamani sai abu biyu sun haɗu: izinin mai haƙƙin mallaka, da kwafi mai kyau da aka mayar na dijital, domin gidajen yanzu ba su da injin da ke juya zaren fim. Kowane fim da nasa mai shi, wani kamfanin ya rushe, wani magada ne suke riƙe da shi. Saboda haka jerin irin wannan biki ba jerin mafi kyau ba ne kawai, jerin abin da hannu ya kai gare shi ne.

Matashin Kaduna ya ce komai yana intanet, to a nan ne nake so ya tsaya ya yi tunani. Abin da yake intanet shi ne abin da ya tsira. Alam Ara na 1931, fim na farko mai magana a Indiya, ya ɓata, babu kwafinsa ko ɗaya. Cikin finafinai marasa magana fiye da dubu da aka yi a ƙasar, 'yan ƙalilan ne suka rage. Tsohon zaren fim na nitiret yana kamawa da wuta cikin sauƙi, wanda ya gaje shi kuma idan zafi da laima suka same shi sai ya fara warin tsami ya lauje, launinsa ya koma ja. An kafa ma'adanar finafinai ta ƙasa a Pune a 1964, kuma P. K. Nair ya ƙarar da rayuwarsa yana bin rumbuna yana ceto gwangwanayen fim. Shivendra Singh Dungarpur, wanda ya kafa gidauniyar da ta shirya wannan bikin a 2014, shi ne ya yi fim a kan rayuwar Nair ɗin. Gyaran fim ɗaya aiki ne na watanni: a wanke zaren, a ɗinke inda ya yage, a ɗauki hoton kowane gida, wato kowane ɗan hoton da ke jere a zaren, ɗaya bayan ɗaya, alhali a daƙiƙa guda akwai gida 24, sannan a zauna a goge ƙura da karce a kwamfuta. A ganina manufar bikin ba taya Amitabh murna ba ce kawai. Ana so masu finafinai su ga cewa tsohon kaya yana iya cika zaure, domin wanda ya ga akwai riba a abin da ya jibge a rumbu, shi zai kashe kuɗi ya adana shi.

Mu ma mun ga irin wannan. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana zaton ya salwanta, sai aka gano zarensa, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Ɗan Damagaram:
Ni dai ban yarda Amitabh ne ya fi cancanta a fara da shi ba. A wajenmu dattawa da Dilip Kumar suke rantsuwa idan ana zancen iya wasa. Sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, an haife shi a Peshawar a Disambar 1922, ya rasu a Yulin 2021, kuma a lokacin bikin nan wata biyu ya rage a cika shekara 100 da haihuwarsa. Shi ne ya koya wa jaruman Indiya cewa ana iya yin magana ƙasa-ƙasa a fim a ji ta fiye da ihu, kuma Amitabh da bakinsa ya sha faɗin cewa shi ne gwaninsa. Wanda yake so ya auna su sai ya kalli Shakti na 1982, inda suka fito uba da ɗa. Idan ana maganar mafari, mafarin yana can.

Ɗalibin Delhi:
Ban ƙi ta taka ba, Yaya na Damagaram, amma ranar haihuwar mai rai ce aka yi wa bikin. Bari in koma ga Malama, domin maganarta ce ta fi tsaya mini a rai. Kafin in je, da ta faɗi haka zan amince ba tare da gardama ba. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne ganin finafinan a jere cikin kwanaki kaɗan, wanda shi ne amfanin irin wannan waiwaye da kallo ɗaya-ɗaya a waya ba ya bayarwa.

Ranar Lahadi na kalli Amar Akbar Anthony na Manmohan Desai, 1977, labarin 'yan'uwa uku da suka rabu suna yara, ɗaya ya tashi a hannun Bahinde, ɗaya a hannun Musulmi, ɗaya a coci. A matsayina na ɗalibin likitanci na kusa faɗowa daga kujera don dariya a wurin da su ukun suke kwance a jere ana ɗibar jininsu a lokaci guda, yana hawa sama ya haɗu a kwalba ɗaya ya gangara jikin matar da ba su san uwarsu ba ce, ba gwaji ba komai. Zauren ma ya yi dariya, sannan ya yi tafi, duka biyun da gaske. A cikin wannan fim ɗin mutumin da na gani jiya yana kulle ƙofa da idon gajiya, shi ne yake tsaye a gaban madubi a buge yana yi wa hotonsa faɗa, yana manna wa madubin filasta a inda shi ya ji ciwo. Ba Salim da Javed ne suka rubuta wannan ba.

Sai Mili na Hrishikesh Mukherjee, wanda na gani a rana ta ƙarshe. A nunin da na shiga mutane ba su kai na sauran ba, babu fito, babu rawa. Fim ɗin na Jaya ne, matarsa, wadda ta fito a matsayin yarinya mai fara'a da ke fama da cutar jini, shi kuwa maƙwabci ne mai baƙin rai da ya kulle kansa a ɗaki yana shaye-shaye. Babu naushi ko ɗaya da za a yi wa tafi. Yawancin lokaci sauraro yake yi, yana barin ta ta ja fim ɗin. Abin mamakin shi ne a 1975 ya fito, shekarar Deewaar da Sholay, kuma a wannan shekarar dai ya yi Chupke Chupke, inda yake malamin adabin Ingilishi da aka tilasta wa yin ƙaryar cewa shi masanin tsirrai ne. Saboda haka, Malama, bikin bai ɓoye mini sauran mutane ba. Shi ne ma ya sa na fito ina neman sanin wane ne Mukherjee, kuma na fito da girmama Jaya fiye da yadda na shiga.

Malamar Adabi:
Na karɓi wannan, kuma na ji daɗi da masu zaɓen suka sa Mili da Abhimaan, domin a Abhimaan ma ita ce ƙashin bayan labarin, matar da muryarta ta fi ta mijinta karɓuwa har kishi ya shiga tsakaninsu. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: zauren da aka yi faɗa ya cika, wanda mace take jan labari bai cika ba. Ban janye tambayata a kan Nirupa Roy ba.

Matashin Kaduna:
Na ji bayanin Yaya na Jos, kuma na yarda ban yi tunanin abin da ya ɓata ba. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa faɗan tsofaffin finafinan nan abin dariya ne. Amma tambaya ta zo mini. Idan yau aka ce za a yi wa marigayi Rabilu Musa Ibro irin wannan biki, shi da ya rasu a Disambar 2014, ko a yi wa Kasimu Yero, da me za a nuna? Na nemi wasu finafinan Ibro na farko, abin da na samu hoto ne dishi-dishi, murya tana gaba baki yana baya, an manna tallar wani a kusurwa.

Mai Kyamara daga Jos:
Tambayarka ta fi wuya fiye da yadda kake zato. Zaren fim, duk da lalacewarsa, yana ɗauke da hoto mai yawa, shi ya sa fim ɗin 1975 yake iya cika allo mai tsayin gida. Finafinan Hausa kuwa tun daga Turmin Danya a 1990 a kaset na bidiyo aka ɗauke su, kuma hoton kaset ƙarami ne tun asali, ba a iya ƙara masa abin da bai ɗauka ba. Kaset yana kama fumfuna, yana mannewa, injinan da ke karanta shi kuma suna ƙarewa. Abin da za a iya yi yanzu shi ne a nemo kaset na asali a hannun furodusoshi da iyalansu, ba kwafin kasuwa ba, a juye shi tun yana juyuwa. Ba zai yi kyau a babban allo kamar Deewaar ba, amma a matsakaicin zaure zai kallu, kuma barkwancin Ibro a bakinsa da jikinsa yake, ba a kaifin hoto ba.

Dattijon Fagge:
Yaro na Delhi, wannan Mili da ka ambata ban taɓa ganinsa ba, ko fastarsa ban tuna na gani a bango ba, ni da nake ganin babu fim ɗin mutumin nan da ya wuce ni. Jikana ya nemo mini shi ɗazu, ya miƙo mini waya, na ce masa a'a, ya san yadda zai yi ya haɗa shi da talabijin ɗin zaure. Na aika wa abokaina biyu da suka rage cikin waɗanda muke buga kujeru tare, ɗaya ya ce zai zo bayan isha'i idan ƙafarsa ta bar shi, ɗayan kuma ya tambaya ko akwai faɗa, na ce masa ance babu, ya ce to zai dai zo ya gani. Hajiya Malama, na gaya wa mai ɗakina ita ma ta fito da kujerarta. Abu ɗaya nake roƙo, kada wanda ya gaya mini ko yarinyar ta warke.